Muna gardamar tumatir, daddawa na fita daga tukunya

Duk wanda ya halarci biki ko walimar suna a Kazaure cikin 'yan shekarun nan ya san abin da zai tarar idan ya buɗe robar da aka miƙo masa: shinkafa ja jawur, yankan nama ko cinyar kaza a gefe, da ƙamshin kori. Ka je Roni ita ce, ka leƙa Gwiwa ita ce, Babura ma haka. Jalof ake ce mata, kuma ba ni da faɗa da ita, tana da daɗi idan ta samu hannu. Abin da ke damuna shi ne ɗanɗanonta ɗaya ne ko'ina, ba ka gane gidan da aka dafa ta, balle garin. Dafa-dukar da muka tashi da ita kuwa, mai daddawa da busasshen kifi da ganye, ta koma abincin ranar da ba a sa ran baƙo.

Wasu 'yan uwa mata sun taso da kishin dawo da ita, kuma ina tare da su a kishin. Inda muka rabu shi ne yadda suke kafa dokar asali. Wannan ta ce dafa-dukar gaske ba a sa mata tumatir, waccan ta ce in ba manja ba ce aka yi, ba a yi komai ba, wata ta ce da zarar karas ya shiga ta tashi daga ta Hausa. Ana ta kai ruwa rana a kan jerin kayan haɗi, ni kuwa ina ganin ba can matsalar take ba.

Akwai wata al'umma da ta daɗe tana irin wannan gardama, a jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka. Abincin da suke ji da shi sunansa jambalaya, kuma duk wadda ta ga yadda ake yin sa za ta ce ai dafa-duka ce: nama da albasa da tattasai da shinkafa, a tukunya ɗaya, ruwa ɗaya. Mutanen birnin New Orleans, waɗanda ake kira Kiriyol, suna sa tumatir, tasu takan fito ja. Mutanen karkara da ake kira Kajun ba sa sawa. Su Kajun jikokin Faransawa ne da Ingila ta kora daga yankin Akadiya na Kanada tun daga 1755, suka gangaro suka zauna cikin fadamu da bakin rafuka. Launin tasu jambalayar ruwan ƙasa ne, kuma daga soya naman yake fitowa. A tukunyar baƙin ƙarfe ake soya shi har ya kama gindi, a zuba albasa ta saki ruwa, a kankare abin da ya kama ya narke cikin romo, sannan shinkafa ta sha. Garin Gonzales yana shirya bikin jambalaya tun 1968, ana gasar dafa ta a kan itace. Har gobe Bakajune zai kalli mai tumatir ya ce ta birni ce.

Amma abin da ya girgiza girkin Kajun ba tumatir ba ne. A 1979 wani ɗansu, Paul Prudhomme, ya buɗe gidan abinci a New Orleans, gwanin girki ne ƙwarai, kuma wani kifi da yake babbakawa da yaji a kasko mai tsananin zafi ya yi farin jinin da har sai da hukuma ta taƙaita kamun irinsa. Daga nan duk abin da aka barbaɗa wa jan barkono a Amurka sai a kira shi Kajun. Kamfanoni suka ƙulla yajin a roba, mai saye ya ɗauka ya sayi girkin ke nan. Haƙurin tsayawa kan nama har ya yi duhu bai ƙone ba, da sanin lokacin da za a rufe tukunya a daina juyawa, waɗannan ba su shiga robar ba. Wannan shi ne ya yi kama da halin da muke ciki.

In tsufan kayan haɗi ne asali, to kusan babu abin da zai rage mana. Tumatir da barkono da attarugu da gyaɗa da masara da rogo duk daga nahiyar Amurka suka bazu duniya bayan 1492. Manja daga kudu ake kawo mana. Ita kanta shinkafar, ko da yake Afirka ta Yamma tana da irinta da aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali shekaru dubbai da suka wuce, a nan yankinmu ba abincin kullum ba ce. Ƙasar gero ce da dawa, ta tuwo da miyar kuka da fura. Ku tambayi tsofaffin Gwiwa, za su gaya muku shinkafa sai Sallah ko an yi babban baƙo. Su ma na Luwiziyana ba daga Faransa suka zo da ilmin shinkafa ba. Bayin da aka kwaso daga yankin Senegal da Gambiya tun wajen 1719 sun riga sun san nomanta da dafa ta. Tukunya ɗaya ta jima tana yawo tsakanin nahiyoyi, kowa na zuba abin da ƙasarsa ta ba shi.

Abin da tamu ƙasar ta ba mu shi ne daddawa, kuma ita ce ke fita ana kallo. Wanda bai taɓa ganin ana yin ta ba ba zai san irin aikin da ke cikin ɗan baƙin curin nan ba. A ɓare ɗorawa a raba garin da kalwa. A dafa kalwar wuni guda, wani lokaci har dare, ana iza wuta. A surfa a wanke ɓawon, a sake dafawa, a rufe ta ruf a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku har ta ruɓa yadda ake so. Sai a kirɓa, a cura, a shanya. Babu agogo a aikin, hanci ne ke gaya wa mai yi cewa ta kai. Shi ya sa daddawar kowace mace take da nata ƙamshi, kuma shi ya sa a da kana cin dafa-duka za ka ce wannan ta gidan Goggo ce, waccan ta gidan Inna. Ta wajen Babura da kan iyakar Nijar akwai kuma daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa, mai nata ƙarfi daban. Idan daddawa ta haɗu da banda ko busasshen kifin dam, da alayyafo ko zogale da aka watsa a ƙarshe, babu wata ƙasa da za ta ce nata ne.

Dunƙulen Maggi, wanda aka ƙirƙira a Suwizalan ya fito a 1908, shi ya maye gurbinta a gidaje da yawa, shi da ire-irensa. Ba na cikin masu tsine masa. Yana da arha, ba ya ɓata lokaci, ba ya sa kaya wari, kuma matar da ke da 'ya'ya bakwai da sana'a a hannu ba ta cancanci a yi mata wa'azin wuni guda a bakin murhu ba. Ni ma ina sawa. Amma gishiri ne mai ɗanɗano ɗaya, na Kazaure da na Legas da na Abijan duk kusan baki ɗaya suke. A matsayin ƙari yana da amfani. Idan ya zama shi kaɗai ne, to mun kai inda robar yajin Kajun ta kai Amurkawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kunya. Amarya takan ɓoye daddawa a bayan kwanuka don kada ƙawaye su ji warinta su ce ƙauyanci. Mai girkin biki ba za ta sa ba, don tana tsoron a ce ba ta waye ba. A Senegal, shinkafa da kifinsu da suke kira cebujen ta shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2021, kuma cikin kayanta akwai ruɓaɓɓen kifi mai warin da ya ninka na daddawa. Ba su cire shi don baƙo ba.

Kuma maganar ba ta tsaya a madafi ba. Ɗorawa itace ce mai jinkirin haihuwa, sai ta yi shekaru kafin a ci moriyarta, ga shi ana sare ta don itace da gawayi, ba a cika dasa sabuwa ba. Kalwa ta yi tsada, masu daddawa da yawa sun koma waken suya, wanda ba laifi ba ne amma ƙamshin ya sha bamban. Masu yin ta kalwar yawanci tsofaffi ne, 'ya'yansu ba su koya ba, don sana'ar ba ta da kwarjini a idonsu. Ranar da babu mai saye, babu mai yi, kuma manomi ba shi da dalilin barin ɗorawa a tsakiyar gonarsa.

Saboda haka Hajiya mai girkin biki, ki sa tumatir in kina so, ki sa karas, ki yi da man gyaɗa ko manja. Roƙona shi ne idan an ba ki aikin tukunya biyu, ki bar ɗaya ta zama dafa-duka da shinkafa 'yar Hausa da aka rege da kyau, ki daka daddawar kalwa tare da attarugu da albasa, ki soya su a mai tun kafin ki tsaida ruwa, ki ajiye ta a gaban manyan baƙi, ba a bayan gida wajen masu wanke-wanke ba.