Waƙar Yaƙin Kadesh: Tarihi Ce Ko Kirari?

Kwanan baya muka yi gardama da wani abokin karatuna a kan adabin baka. Ya ce waƙoƙin fada ba su isa a kafa hujjar tarihi da su ba, domin roƙo ne kawai. Shi abin da ya yarda da shi shi ne abin da aka rubuta, balle wanda aka sassaƙa a dutse. Wannan magana ce ta sa na ga ya kamata mu duba wani tsohon rubutu na ƙasar Masar, wato waƙar Yaƙin Kadesh.

An gwabza wannan yaƙi wajen shekara ta 1274 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), a bakin kogin Orontes cikin ƙasar Sham, tsakanin Fir'auna Ramsis na Biyu da Muwatalli, Sarkin Hittiyawa. Ramsis ya sa aka sassaƙa labarin a bangayen ɗakunan bauta na Karnak da Luksor da Abidos, har ya zama yana cikin yaƙe-yaƙen zamanin da da aka fi sanin labarinsu.

Jigon waƙar shi ne jaruntakar sarki. Wasu makiyaya biyu sun yaudare shi cewa abokan gaba suna can nesa wajen Halab, alhali suna laɓe a bayan birnin. Ya yi gaba da runduna ɗaya daga cikin huɗu, sai aka auka musu. Daga nan waƙar ta nuna dakarunsa sun watse sun bar shi shi kaɗai, karusan yaƙi 2,500 sun kewaye shi, ya kira abin bautarsa Amun, ya fatattake su har suka faɗa kogi.

To, jama'a, wane ɗalibin Hausa ne bai san wannan salo ba? Kambamawa ce irin wadda muke ji a bakin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo: ubangida giwa ne, abokin hamayya kuwa zambo ne rabonsa. A nan har sojojin sarki ba su tsira ba, an mai da su matsorata domin hasken gwarzo ya fito. Ta fuskar fasaha waƙar ta yi armashi, musamman inda sarki yake yi wa Amun ƙorafi kamar ɗa da mahaifi. Amma ta fuskar gaskiya akwai gyara. Ramsis bai ci Kadesh ba, gida ya koma. Ƙasar Amurru ma ta sake komawa hannun Hittiyawa. Wajen shekara ta 1259 kuma ya ƙulla amana da Hattusili na Uku a matsayin tsara da tsara. An tono allon wannan yarjejeniya a Hattusa, cikin Turkiyya ta yau, a tonon da aka fara a 1906. Wanda aka murƙushe ba a zama da shi a yi irin wannan sulhu.

Duk da haka ban ce a yar da waƙar ba. Maroƙi ba ya ƙaga yaƙin da ba a yi ba, ƙara masa gishiri yake yi. Cikin yabon nan ne muka ji an mamaye sarki, abin da bafade ba zai faɗa ba in da yana da hanyar ɓoye shi.

Saboda haka amsata ga abokina ita ce: dutse bai fi baki gaskiya ba, ya dai fi shi daɗewa. Aikin manazarci shi ne ya tambayi wa ya faɗa, don wa, kuma me ɗaya ɓangaren ya ce. In mun yarda mu tace tarihi daga kirarin Fir'auna, ba mu da dalilin raina na makaɗanmu.