Kiɗan Sanyi da Sana'ar Jera Waƙoƙi a Rediyo: Misali Daga Garwa

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda, "kiɗan sanyi" na nufin kiɗa ko waƙa mai taushi, wadda mutum zai saurara yana aikinsa ko yana kishingiɗe, ba tare da ta ingiza shi ya tashi ya taka ba. Sau da yawa akan ji dattawa suna cewa irin wannan kiɗa ya ɓace daga rediyo saboda yaran yanzu ba su da kunne. Wannan hujja ba ta gamsar ba. Waƙoƙin suna nan, masu son su ma suna nan. Sana'ar jera su ce ta yi rauni, kuma dalilin ya fi alaƙa da wanda ke biyan kuɗin tafiyar da tasha. Za a ɗauki Garwa ta arewacin Kamaru a matsayin misali, bayan an ɗan leƙa Amurka, inda aka mayar da abin ciniki.

2.0 Yadda Abin Ya Kasance a Amurka

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1980, akwai tashoshin FM da yawa a Amurka waɗanda ba su sa komai sai kiɗan sanyi, galibi na goge da fiyano, irin na Mantovani da Percy Faith. Kamfanoni kamar Bonneville da na Jim Schulke ne ke haɗa kiɗan a tef su aika wa tashoshi. Akan jera shi kashi-kashi, kowane kashi kimanin minti 15 ba magana, an auna yadda wannan kiɗa zai miƙa wa na gaba. Da masu saurare suka manyanta, 'yan talla suka koma neman masu shekara 25 zuwa 54, sai tashoshin suka riƙa sauya salo ɗaya bayan ɗaya.

3.0 Rediyon Garwa

A Garwa ba a taɓa ware tasha sukutum don kiɗan sanyi ba. Abin da aka sani shi ne lokacinsa a cikin yini. An buɗe Rediyon Garwa a 1958, shekara biyu kafin 'yancin Kamaru, yana watsa shirye-shirye da Faransanci da Fulatanci da Hausa. Ya daɗe a kan gajeren zango, kilohaz 5010, kuma irin wannan zango ya fi tafiya nesa bayan faɗuwar rana. Saboda haka da dare muryar Garwa kan tsallaka iyaka ta shiga gidajen Adamawa da Barno, a daidai lokacin da aka ci tuwo aka shimfiɗa tabarma.

Tashar da ke yi wa kowa hidima dole ta raba yini: labarai, sanarwa, harsuna, sannan kiɗa. Mai tsara shiri a tashoshin gwamnati na wancan zamani, a Garwa ne ko a Kaduna, yana da abu biyu da na yau ya rasa: ɗakin ajiyar fayafayai da kuma lokaci. A lura da shirin zaɓe irin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Wasiƙa ce ke kawo buƙata, takan kwana a hanya, ta kuma kwana a kan tebur. Mai shiri zai tara wasiƙun, ya ware masu neman waƙa ɗaya, ya san wadda zai buɗe da ita da wadda zai rufe. Ba zai ɗora kalangu mai zafi a kan kukuma ba sai ya sa wani abu a tsakani, ko gurmi, ko waƙar Indiya ta Lata Mangeshkar, ko ta Sudan. Wannan aikin edita ne, ko da yake ba a ba shi wannan suna ba.

Sai dai kada ɗalibi ya ɗauka zamanin aljanna ne. Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa, ya mulki ƙasar daga 1960 zuwa 1982, kuma tun 1966 jam'iyya ɗaya ce. Rediyo na gwamnati ne, kuma natsuwar da ake ji a cikinsa har da ta rashin abokin gardama.

4.0 Bayan Buɗe Ƙofa

A 1987 aka haɗa rediyo da talabijin na Kamaru suka zama CRTV. Dokar 1990 ta amince da kafofi masu zaman kansu, amma sai a Afrilun 2000 aka fitar da ƙa'idar aiwatarwa. A daidai wannan lokaci wayar salula ta fara yaɗuwa. Waɗannan biyu suka sauya komai. Ƙaramar tashar FM da talla da sayar da fili take rayuwa, kuma minti 15 na kiɗa ba magana asara ce a wurinta. Kiran waya ya maye gurbin wasiƙa. Mai kira yana so a sa masa waƙarsa yanzu, ya gaida mutum goma, don haka jerin waƙoƙi ya koma hannun duk wanda layinsa ya shiga.

Wurin sauraro ma ya sauya. A ɗauki unguwar Roumdé Adjia, inda filin wasan da aka gina a 1978 yake, wanda ya karɓi wasannin Nijeriya a Gasar Kofin Afirka a Janairun 2022. A bakin titi irin wannan, rediyo na gasa da ƙarar babura da lasifikokin shaguna, ga shi kuma ta ƙaramar waya ake ji. Molo ko sarewa ba su iya wannan kokawa. Shi ya sa tashoshi ke matse sauti don komai ya fito da ƙarfi ɗaya, abin da ke kashe hawa da saukar da kiɗan sanyi ya dogara da su.

Asarar ta fi shafar mai nazarin waƙar baka. Waƙar makaɗin Hausa tana da gindi da ɗiya, kuma ma'anarta takan taru ne a hankali, ɗa bayan ɗa, 'yan amshi na komawa gindi. Waƙoƙin Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo da dama sun wuce minti goma. Yau akan sa gindi da ɗa ɗaya, mai gabatarwa ya rage murya ya karanta gaisuwa, ya ɗaga, ya sake ragewa, sannan talla ta yanke. Matashi zai san amshin waƙa sarai, amma bai taɓa jin inda makaɗin ya yi zambo ko ya kawo tarihin wanda yake wasawa ba. Ɗalibin da zai rubuta kundi a kan irin waɗannan waƙoƙi ya nemi tsohon kaset ko tef na ɗakin ajiya, ya kwatanta da abin da aka watsa, ya ƙirga ɗiyan da aka zubar.