Hannu a Kan Jijiya, Ido a Kan Ƙirji

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti ya san lokacin da nas take zuwa ta kama masa wuyan hannu tana duban agogo. Shi a zatonsa bugun jini kawai take ƙirgawa. Sau da yawa ta gama wannan tuni. Ba ta saki hannun ba ne saboda yanzu numfashinsa take ƙirgawa, tana satar kallon yadda ƙirji ke ɗagawa yana sauka. Da za ta ce masa, "Baba, bari in ƙirga numfashinka," nan take zai sauya shi, domin mutum ba ya numfashi yadda ya saba muddin ya san ana kallonsa.

Wannan dabara koyar da ita ake yi, tun a watannin farko na makarantar koyon aikin jinya. Ɗaliba za ta haddace cewa babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100. Za ta san cewa yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 mai tari, idan numfashinsa ya kai 40 a minti, ana zargin nimoniya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Haddar ba ta da wuya. Abin da ke cin shekaru shi ne horar da ido: ya gane bushewar leɓe, da faɗawar maɗigar jariri mai gudawa, da shirun majinyacin da jiya yake ta hira. Florence Nightingale, wadda ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, ta ware babi guda a littafinta na 1859 kan lura da marar lafiya. A ganina har gobe wannan ne ƙashin bayan aikin, domin likita zagaye yake yi ya wuce, nas kuwa ita ke kwana a ɗakin.

Tare da ido ake koyar da amana. Kafin ta ba da magani sai ta tabbatar da mai shi, da maganin, da yawansa, da hanyar ba da shi, da lokacinsa. Wanda ba ya iya motsi tana juya shi kusan duk bayan awa 2 don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Kafin ta buɗe jikin mutum sai ta ja labule ta nemi izini, kuma abin da ta gani ba ya bin ta gida.

Sai kuma rubutu, inda ake gane nas ta ƙwarai. Ƙarfe ukun dare, ba mai ganinta, takarda na jiran lambar numfashi, kuma da ta rubuta 18 babu wanda zai tuhume ta. Malamanta sun horar da ita ta tsaya ta ƙirga ɗin, saboda wadda za ta karɓi aiki da safe da wannan lambar za ta gane ko jiki ya fara rikicewa.