Jinjina ga masu auna ruwa da iska

Wanda ya bi hanyar Buza zuwa Karofane a lokacin bazara ya san aikin iska a ƙasar Adar: takan kwashe ƙasar gona ta bar wa manomi tsakuwa. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don a tare ta, sannan a 1984 aikin Keita ya zo da tallafin Italiya, mata suka yi ta jidar duwatsu a ka suna gina shingayen tare ruwa. Waɗannan kowa ya gan su.

Waɗanda ba a gani su ne ɗalibai da malamansu. Yarinya 'yar jami'ar Tawa, ko saurayi daga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ya kwana a ƙauye, ya tashi da asuba ya duba ma'aunin ruwan sama, ya haƙa rami ya ɗebi ƙasa a leda, ya zauna gaban dattijo yana cewa, "Baba, yaushe damina take sauka a zamaninku?" Shekara guda ba ta isa a gane komai ba, sai an tara goma.

Shirin WASCAL, wanda Jamus ke tallafawa, yana kawo ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma su karanci sauyin yanayi da makamashi a Yamai, 'yan Nijar kuma su tafi Minna ko Kumasi. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, tana horar da masanan yanayi. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne wanda ya dawo da digirinsa, ya cire takalmi, ya tsuguna bakin ramin tassa mai tare ruwa a gona yana ƙirga tsiron hatsi.