Sharhi a Kan Amfani da Tsarin Madogara na APA a Nazarin Adabin Hausa

3.1 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin duba tsarin kawo madogara da jera manazarta wanda aka fi sani da APA, domin a ga inda ya dace da nazarin adabin Hausa da kuma inda ya gaza. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ce ta samar da shi. Ya faro ne a shekarar 1929 a matsayin gajeriyar maƙala mai yi wa marubuta jagora, ya zama littafi a 1952, sannan bugu na bakwai ya fito a 2019. Ginshiƙansa biyu ne, wato sunan dangin marubuci da shekarar bugu. Ra'ayin wannan bincike shi ne, a kan waɗannan ginshiƙai ne tsarin yake samun tangarɗa idan aka ɗora shi a kan adabin Hausa ba tare da gyara ba.

3.2 Amfanin Tsarin

Kafin a shiga suka, adalci ne a faɗi alherin tsarin. Yana sa mai karatu ya san wanda ya yi magana da lokacin da ya yi ta, ba tare da ya ɗaga idonsa daga shafi ba. Haka kuma yana raba ra'ayin ɗalibi da na magabata, ya toshe ƙofar satar fasaha. Shi kansa ambaton madogara ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman jihadi sukan ambaci littafin da suka ciro magana daga cikinsa, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukh musamman domin ya bayyana malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Saboda haka abin da ake tattaunawa a nan shi ne siga, domin wajabcin madogara ba shi da ja.

3.3 Matsalar Suna

Tsarin ya ɗauka cewa kowane marubuci yana da sunan dangi da ya gada, wanda za a gabatar, a taƙaita sauran sunayen zuwa harufa. Bahaushe kuwa yakan bi sunansa na yanka da sunan mahaifi, ko na gari, ko laƙabi, ko sarauta. Misali, Bello Kagara marubucin Ganɗoki da Abubakar Imam marubucin Ruwan Bagaja wa da ƙane ne, amma a jerin manazarta ɗaya yana ƙarƙashin harafin K, ɗaya kuma ƙarƙashin I. Wannan ma da sauƙi. Idan aka rubuta marubucin Shaihu Umar a matsayin "Ɓalewa, A. T." an raba sunan gari guda, wato Tafawa Ɓalewa, gida biyu, an mayar da rabinsa harafi. Irin haka take faruwa ga Ado Ahmad Gidan Dabino idan aka mayar da shi "Dabino, A. A. G." A wajen Nana Asma'u kuwa, "Asma'u, N." ya mayar da sunan yanka tamkar na dangi, ya kuma taƙaita lafazin girmamawa kamar shi ne sunanta.

Bugu da ƙari, sunaye irin su Muhammad da Aliyu da Abubakar sun yi yawa ƙwarai, ta yadda "Aliyu, A." ba ya nuna cewa mawaƙi Aƙilu Aliyu ake nufi. Ke nan taƙaitawar da aka yi domin a sauƙaƙa wa mai karatu ita ce take ɓatar da shi.

3.4 Matsalar Shekara

A fannin kimiyya shekara tana nuna sabuntar bincike. A adabi kuwa tana nuna zamanin da aikin ya fito a cikinsa, kuma a kanta ake gina tarihi. Littattafan da suka yi nasara a gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 an sake buga su sau da dama, musamman bayan kafa kamfanin NNPC a 1966. Ɗalibin da ya riƙi bugun baya ya rubuta shekararsa kaɗai, zai sa mai karatu ya zaci an rubuta Shaihu Umar bayan rasuwar mai shi a watan Janairu na 1966, alhali ya girmi wannan lokaci da shekara talatin da 'yan kai. A nan laifin na mai amfani da tsarin ne, domin APA ya yarda a kawo shekarar asali tare da ta bugun da aka duba. Sai dai ba kowane bugu ne yake faɗin shekarar asali ba, don haka dole a koma ga ayyukan tarihi irin Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya (1988).

Rubutattun waƙoƙi na ajami kuma suna da tasu matsalar. Marubutansu sukan saka shekarar Hijira a ƙarshen waƙa ta hanyar ramzi, wato harufan da kowanne yake da ƙimar lissafi. Wanda bai iya warware ramzi ba sai ya rubuta "babu shekara", alhali tana nan a gabansa. Har ila yau akwai bambanci tsakanin shekarar da aka yi waƙa da shekarar da wani ya kwafe ta, kuma gurbi ɗaya ba zai ɗauki duka biyun ba sai da ƙarin bayani.

3.5 Matsalar Adabin Baka

Wannan ita ce mafi girma. A ƙa'idar APA, hirar da mai bincike ya yi da wani ana ambatonta a cikin rubutu kawai, ba ta shiga jerin manazarta, bisa hujjar cewa mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba. Bugu na bakwai ya ƙara bayani a kan ilimin gargajiya, inda ya nemi a faɗi sunan mutum da al'ummarsa da wuri da rana, amma duk da haka bai ba shi gurbi a jerin ba. Idan aka lura, kundin da aka gina a kan tatsuniya ko kirari ko waƙar baka, mafi yawan iliminsa daga bakin tsofaffi da makaɗa da 'yan amshi ya fito. Ashe jerin manazarta zai nuna littattafan da aka ɗan leƙa, ya ɓoye mutanen da suka ɗauki nauyin aikin.

Ita ma waƙar baka ba ta da shekara guda. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya rera Bakandamiyarsa a wurare da lokuta daban-daban, kuma yakan ƙara ko ya rage. Rubuta "Shata" da wata shekara ba ya gaya wa mai dubawa wace rerawa aka nazarta. Manazarta biyu za su iya saɓawa a kan ɗiyan waƙar, alhali kowa ya faɗi abin da ya ji a nasa faifan.

3.6 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, wannan bincike yana ganin a riƙe tsarin APA ga littattafai da mujallu da kundaye, amma a yi masa kwaskwarima a wurare uku. Na farko, a rubuta sunan marubucin Hausa cikakke, kada a raba sunan gari ko laƙabi. Na biyu, a kawo shekarar asali da ta bugun da aka duba, a kuma haɗa ta Hijira da ta Miladiyya inda aka sami ramzi. Na uku, a ware sashe na musamman ga waɗanda aka yi hira da su, da izininsu, tare da bayanin wuri da rana, da kuma inda aka ajiye faifan kowace waƙa. Manufar madogara ita ce mai dubawa ya iya bin sawun magana har zuwa tushenta. Duk ƙa'idar da ta hana hakan a fagen adabin Hausa, to ta cancanci a gyara ta, kuma sassan koyar da Hausa na jami'o'i su ne suka fi cancanta su haɗu su yi wannan gyara.