Karta 16 a Bakin Tafki: Sharhi a Kan Wasan Love Letter

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin adabin gargajiya ya san wasanni suna cikin abin nazari, tun daga langa da carabke har zuwa dara. Amma da zarar an ambaci karta sai kowa ya kau da kai, domin a ƙasarmu karta da caca Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. A Yauri, inda na tashi, yaron da aka gani da karta a aljihu ba ya bukatar wani laifi kafin a kira shi ɗan iska. Manufar wannan sharhi ita ce in auna wani ƙaramin wasan karta baƙo da mudun da muke auna namu, in nuna ya fi kusa da dara da kacici-kacici a kan caca, ko da yake yana da nasa rauni.

Yadda Wasan Yake

Sunan wasan Love Letter, watau wasiƙar soyayya. Wani mutumin Japan mai suna Seiji Kanai ya fito da shi a 2012. Karta 16 ne kacal, mutum 2 zuwa 4 suke yi, kuma zagaye ɗaya bai kai shan shayi ba. Labarinsa shi ne kowane ɗan wasa yana neman wanda zai kai masa wasiƙa ga 'yar sarki.

Da ni da abokaina mun laƙaba wa kartocin sunayen fada. Dogari mai lamba 1, guda 5 ne. Limami 2, Hakimi 3, Jakadiya 4, Yarima 5, kowanne guda biyu. Sarki 6, Magajiya 7, Gimbiya 8, kowanne tilo ne. Kafin a fara akan zare ɗaya a kife a gefe, ba wanda ya gani. Kowa ya riƙe karta ɗaya. In yinka ya zo ka ɗauki wata, ka yar da ɗaya cikin biyun, ka aikata abin da ta ce. Dogari yakan canki abin da ke hannun wani, in ya dace a fitar da shi. Limami leƙe yake yi. Hakimi gwada girma yake, ƙarami ya fita. Jakadiya takan tsare ka har yinka ya zagayo. Yarima yakan sa mutum ya yar da tasa ya ɗauki sabuwa, Sarki kuwa musaya yake sawa. Wanda duk ya yar da Gimbiya ya fita. Mai cin zagaye shi ne wanda ya rage shi kaɗai, ko mai babbar lamba sa'ad da karta ta ƙare.

Armashinsa

Mai karatu zai ce ai Whot ma haka take. A'a. Whot, wadda William Storey ya ƙago a Ingila a 1935, kartocinta sun haura 50, ba mai iya riƙe lissafinsu, galibi abin da ka samu shi za ka buga. A nan kuwa 16 ne, duk wadda aka yar tana shimfiɗe a tabarma, saboda haka mai ƙirga shi ke da wasa.

Alal misali, doka ta ce wanda ya haɗa Magajiya da Sarki ko da Yarima dole ya yar da Magajiya. To, ga abokinka ya yar da ita. Ba mai rabuwa da lamba 7 a banza, sai dai in yana riƙe da Sarki, ko Yarima, ko Gimbiya. Ka duba tabarma, Sarki ya riga ya faɗi, Yarima ɗaya yana hannunka tare da Dogari. Saura zato biyu: Yarima na biyu ko Gimbiya. A nan lissafi ya tsaya, sai a koma ga abin da Bahaushe ya ce, labarin zuciya a tambayi fuska. Kuma mai yiwuwa ne ya yar da ita da gangan don ya ruɗe ka. Wannan ita ce hikimar kacici-kacici: a ba ka siffa, a ɓoye suna. Kartar nan da aka kife kuwa ita ke hana gwani sakankancewa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abu na biyu, wasan ya dace da zaman bakin ruwa irin namu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 aka tashi Gungawa da dama daga tsibirai, bakin tafkin daga Yelwa zuwa Wara ya zama mahaɗar Gungawa da Kambari da Shangawa da Sarkawa, Hausa ce ke haɗa su. Wasan da kalmominsa 8 ne, kuma duk na fada ne da kowa ya sani, ba ya bukatar tafinta. Ba ya kuma bukatar kuɗi: da kwalin sukari da almakashi da biro muka yi namu, tsakuwa muke ajiyewa in an ci zagaye.

Rauninsa

Na farko, sa'a tana da iko a farkon zagaye. Mai fara wasa da Dogari bai ga komai ba, amma in ya ambaci karta mai guda biyu zai iya dacewa sau 1 cikin 7, ya fitar da mutum tun bai taɓa hannunsa ba. A dara, inda kowa ke da 'ya'ya 12 a gida 30, ba a cin mutum sai ya yi sake da kansa.

Na biyu, jigonsa ba ya kama zuciya. Mu da muka san ɗan aike a zance, da ƙanen budurwa da ake saye da alewa, mun san akwai abin faɗi a kan kai saƙo. Amma a wasan nan, zagaye biyu ya isa kowa ya manta da wasiƙa, lambobi kawai ake gani.

Na uku, wanda ya fi damuna, wasan ba shi da wurin ɗan kallo. Rabin daɗin dara a bakin 'yan gefe yake, masu zuga da masu habaici. A nan asiri ne jarin kowa, ɗan kallo in ya yi tari ma ya ɓata wasa. Ko bugun 2019 da ya kai karta 21 mutum 6 ya ɗauka, alhali majalisa ta fi haka.

Na huɗu, takarda da ruwa ba sa shiri. Gimbiya ta jiƙe a kwalekwale ko kusurwarta ta lanƙwashe, kowa ya gane ta daga baya, sai a sake yanka 16 sababbi. Dara kuwa rairayi da tsinke ta sani.

Kammalawa

Hukuncin halasci fagen malamai ne, kuma duk wasan da aka ɗora wa kuɗi ko ya sa aka bar salla ya ɓaci, ko da dara ce. Abin da nake cewa shi ne kada siffar takarda ta hana mu ganin aikin hankali a inda yake. Ina roƙon 'yan ƙungiya su yanka kwali su gwada, sa'an nan wani ya ɗora masa jigo daga tatsuniyoyinmu, a ga ko Gizo zai fi Dogari iya canka.