Masu karanta gindin wuƙa

A rumfunan 'yan gwangwan na Mpape, ƙarfe kilo ne. Abin da 'yan bola-jari suka kwaso daga Maitama da unguwannin da ke ƙasan tudu, a sikeli ake ɗora shi a yi ciniki, ba ruwan kowa da tarihinsa. Amma cikin masu wannan sana'a akwai 'yan ƙalilan da ba sa barin wuƙar aljihu, irin mai naɗewa ɗin nan, ta hau sikeli sai sun buɗe ta. Su nake jinjina wa, domin abin da suke yi karatu ne sosai.

Mai ido ba ya fara duba kaifi. Gindin ruwan wuƙar yake nema, ɗan wurin da ƙarfe ya shige cikin ƙota. Ya ɗiga man keke, ya murza da babban yatsa, ya karkata ta wajen hasken rana. Nan maƙera ke buga tambarinsu. Galibi dai ta Sin ce, ko Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. In kuwa kalmar SHEFFIELD ce ta bayyana, to zama ya kama shi.

Shefil gari ne a arewacin Ingila da ya yi suna kan ƙirar wuƙa da aska da almakashi, kuma tun 1624 maƙeransa ke da ƙungiya mai rajistar tambarin kowa. Tauraro da ɗan gicciye a gefensa na gidan Joseph Rodgers ne, tambarin da asalinsa ya kai 1682, sau da yawa tare da adireshinsu, lamba 6 a titin Norfolk. I*XL na George Wostenholm ne. Kayan Ingila irin waɗannan sun shigo Arewa ta kantunan Turawa da aljihun ma'aikatan mulkin mallaka, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Sanin suna shi ne mai sauƙi. Gwaninta tana wajen sa wa wuƙa shekaru. Kambin sarauta tsakanin V da R na nufin zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901. W da R na sarkin da ya gabace ta ne, wanda ya hau a 1830. Kalmar ENGLAND a ƙarƙashin sunan gari yawanci ta bayan 1890 ce, shekarar da Amurka ta yi dokar cewa duk kayan da za a shigar mata sai an rubuta ƙasar da aka ƙera su. Sai dai gwani ba ya rantsuwa da rashin kalmar, don ba kowace wuƙa aka yi domin Amurka ba. Ruwan da ya ƙi tsatsa, yana ta sheƙi bayan shekaru a bola, ba zai girmi 1913 ba, lokacin da Harry Brearley ya gano ƙarfe mara tsatsa a Shefil ɗin. Tsohon ƙarfe dusashewa yake, ya yi toka-toka. Ga kuma tarko biyu: an daɗe ana buga sunan Rodgers a kan jabu, sannan har gobe ana ƙera sababbi da sunayen nan a Shefil.

Daga nan sai ƙota. Ƙashi yana da 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe inda datti ya shige. Ƙahon barewa gurzau-gurzau yake, kuma ba biyu masu kama ɗaya. Hauren giwa, in an duba bakinsa, layuka ne siri-siri masu gitta juna, kuma wanda ya gane shi gara ya ajiye abinsa, domin an haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989. Akwai wata tsohuwar roba da aka yi don kwaikwayon haure. A goga ta a riga har ta ɗau ɗumi, sai ta yi ƙamshin kafur.

Kunne ma da aikinsa. A buɗe wuƙar a hankali, a ji ko sifirin bayanta na riƙe da ruwan, a rufe a ji ta ce ƙas. Wadda ta rufe laƙwas, ko ruwanta ke girgiɗi, ta sha wahala ko an taɓa sake mata ƙusa.

Wadda ta fi burge ni ita ce wuƙar soja, mai baƙar ƙota da abin buɗe gwangwani, wata har da tsinken kwance igiya. Ita ba ta wahalar da kowa: shekararta a buge take, 1943 ko 1944, kusa da wata alama kamar sawun kaza, wadda ke nuna kayan gwamnatin Birtaniya ne. A waɗannan shekarun ne 'yan Arewa da dama suka yi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, don haka duk mai tsohuwar adakar kaka a gida ya dace ya sake dubawa.

Babban abokin gabar wannan sana'a mai washi ne. Ba laifinsa ba ne, mu dai wuƙa ta yanka muka sani. Amma minti biyu a kan dutsen inji sun isa su cinye siffar ruwan, su shafe tambari, wuƙar da ta shekara ɗari ta koma ta yankan albasa. Shi ya sa gwani ba ya kai ta wajen mai washi, ba ya kusantarta da sanfefa. Man keke yake sa mata ta kwana, ya sakace dattin cikin ƙota da tsinke, ya goge jan tsatsa da tsumma ya bar baƙin yadda yake, sannan ya ajiye ta inda laimar damina ba ta kaiwa.